Karnukan Alaska da Jakunan Gwanja: Wa Ya Cancanci Yi wa Littafin Tafiya Hukunci?

Shugaban taro, iyayenmu dattawa, malamai maza da mata, manoman rani, da ɗalibanmu da ke tsaye can baya, barkanmu da yamma. Na san abin da mutum ya bari idan ya baro gonarsa a Kadawa ranar da aka sako ruwa a kanal, saboda haka ba zan riƙe ku fiye da kima ba.

An ce in yi magana a kan wani littafin Turanci da ya zaga hannun malaman makarantun wannan yanki, daga Kura zuwa Bunkure, ya kuma bar musu a duk ɗakin malaman da ya kwana. Sunansa Winterdance, ya fito a 1994. Marubucinsa Ba'amurke ne, Gary Paulsen, wanda ya rasu a 2021. Labarin kansa ya bayar, yadda ya shiga tseren karnuka na Alaska da ake kira Iditarod. Mafi yawan waɗanda ke zaune a nan ba su karanta shi ba, kuma wannan ba komai ba ne. Abin da ke tafe da ni shi ne in nuna cewa mai jaki da mai shanun huɗa da mafarauci sun fi ni, sun kuma fi malamin Turanci, cancantar yi wa wannan littafi hukunci. In na gama da wannan sai in tambaye ku inda namu littafin yake.

Alaska jiha ce ta Amurka, can ƙuryar arewa, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni. Kafin zuwan jirgin sama da babur ɗin kan ƙanƙara, kare ne abin sufurin mutanen wurin. Akan ɗaure karnuka bibbiyu a jikin doguwar igiya, su ja wani keke marar taya da ke zamewa a kan dogayen katako biyu, mai shi yana tsaye a baya. Babu linzami. Da murya kaɗai ake juya su, kuma karen da ke gaba shi ne ke jin umarni ya ja sauran. Idan guguwa ta taso har mutum bai ganin hannunsa, to hancin wannan kare da tunaninsa su ne hanya.

A farkon 1925 cutar mashaƙo ta ɓulla a garin Nome da ke bakin teku. Mu mutanen Kano ba sai an yi mana bayanin mashaƙo ba, mun ga abin da ta yi wa yara a 2023. Teku ya daskare, jirgin ruwa ba ya shiga. Sai aka kai magani a jirgin ƙasa zuwa Nenana, daga nan mutum 20 da karnuka wajen 150 suka yi ta miƙa wa juna shi, tafiyar kilomita 1,085 cikin kwana biyar da rabi. Karen da ya shiga gari da maganin, Balto, shi aka yi wa mutum-mutumi a birnin New York. Wanda ya ci mafi tsawo da haɗarin hanyar kuwa wani tsohon kare ne mai shekara 12, Togo, na Leonhard Seppala, kuma an daɗe kafin a ba shi haƙƙinsa. Da babura suka fara korar karnuka daga ƙauyuka, sai wani mutum, Joe Redington, da abokansa suka kafa tseren Iditarod a 1973 don kada sana'ar ta mutu. Ana yin sa a watan Maris, daga wajen Anchorage zuwa Nome, kimanin kilomita 1,600, wato kusan Kano zuwa Ikko sau ɗaya da rabi. Wanda ya ci na farko, Dick Wilmarth, kwana 20 ya yi. Gwanayen yau kwana takwas zuwa tara suke yi. Malamai mata kuma ku riƙe wannan don ranar gardama: Libby Riddles ta ci tseren a 1985, Susan Butcher ta ci sau huɗu tsakanin 1986 da 1990.

Paulsen bai ci komai ba. Ya shiga a 1983, ya isa Nome bayan kwana 17, can cikin 'yan baya. Littafin nasa labarin ɗan koyo ne, kuma daga nan ra'ayoyin masu karatu suka fara rabuwa.

Mafi rinjaye dariya suke yi, a can Amurka da nan. Suna da hujja. Mutumin ya ba da labarin yadda karnukansa suka ja shi a ƙasa cikin dajin Minnesota lokacin horo, yadda wata dabba mai fesa wari ta yi ta yi masa wanka har ya koma kwana cikin karnuka, da yadda a ranar farko ta tseren ya ɓace tun bai fita gari ba, karnuka suka bi da shi ta bayan gidajen mutane. Kamfanin Disney ma ɓangaren dariyar kaɗai ya tsinta ya yi fim ɗin Snow Dogs a 2002. Ni dai a ganina wanda ya tsaya a dariya ya sha romo ne ya bar naman. Abin da ke ƙarƙashin barkwancin shi ne mutum yana gano, a hankali kuma da wuya, cewa karyarsa ta gaba, Cookie, ta fi shi sanin aikin, kuma duk ranar da ya ƙi jin tata sai ya sha wahala.

Sai masu cewa an yi ƙari. Wannan shi ne ra'ayin da na fi ji daga bakin malamanmu: ai ba mai faɗuwa haka sau da yawa ya tashi da ƙashinsa lafiya, ba mai ganin mutanen da babu su a kan hanya ya kuma dawo da hankalinsa. Ban ce babu gishiri a miyar ba. Paulsen marubucin ƙagaggun labarai ne tun kafin wannan littafi, ya san inda ake ja da inda ake saki. Amma mu Hausawa mun iya sauraren mafarauci a dandali. Idan ya ce gada goma ya kashe, mukan raba biyu a zuci ba tare da mun ce masa ƙarya yake ba. Abin da muke kasa kunne mu ji shi ne ko ya san sawu, ko ya san inda iska ke kaɗawa, ko ya san abin da karensa ke nufi idan ya tsaya cak. In ya san waɗannan, ya shiga daji. In bai sani ba, ko gada ɗaya ya ce, ba mu yarda ba.

To ku auna Paulsen da wannan mudu. Littafin cike yake da maganar ƙafa: 'yan safar da ake sa wa karnuka don kada ƙanƙara ta yanke su, man da ake shafawa tsakanin yatsu, duba kowace ƙafa ta kowane kare a zango, narkar da ƙanƙara a dafa musu nama da kitse kafin shi ya sa wani abu a bakinsa. Wanda bai yi tafiyar ba, namun daji da guguwa zai cika takarda da su, don su ne ke burge mai karatu. Wanda ya yi, ƙafa yake tunawa. Baba da ke zaune nan gaba, wanda ya yi shekaru yana kai taki gona a mangala, bai san dusar ƙanƙara ba, amma ya san cewa ɗan ƙullutun da ke cikin akumari, wanda ido bai gani, shi ke zama gyambo a bayan jaki cikin kwana biyu, kuma jakin da ya yi gyambo ya tashi daga aiki. In aka fassara masa shafi uku na wannan littafi zai gaya muku ko marubucin ya taɓa kiwon dabbar aiki. Batun gane-ganen da rashin barci ke kawowa kuwa, a tambayi wanda ya jera dare yana ban ruwa shi kaɗai a tsakiyar fili.

Ra'ayin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa zalunci ne. A Amurka ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi irin su PETA sun daɗe suna neman a soke tseren, domin karnuka na mutuwa a cikinsa, wasu na karyewa, wasu huhunsu na lalacewa. Masu shirya tseren suna amsawa da dokokinsu: likitocin dabbobi a zanguna, hutun dole na awa 24 sau ɗaya da na awa takwas sau biyu, da damar ajiye karen da ya gaza a mai da shi gida a jirgi. Suna kuma cewa irin waɗannan karnuka gudu ne rayuwarsu, hana su shi ne azaba. Ni ina ganin masu sukar suna da abin faɗa. A 1925 rayukan yara ake ceto. Yau kofi da kuɗi da suna ake nema, kuma mun san karin maganar kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Sai dai wannan suka ce ga tseren, ba ga littafin ba. Paulsen bai ɓoye ba. Shi da kansa ya ba da labarin wani ɗan tsere da ya gani yana shurin karensa har ya mutu, ya kuma kai ƙararsa. Kafin mu ɗaga murya a kan Alaska kuma, mu leƙa hanyar kasuwa ranar da take ci, mu ga buhu nawa ake ɗora wa jaki ɗaya da irin sandar da ke bin bayansa.

Wani ya ce da ni, me ya haɗa Musulmi da littafin karnuka? Malamai na nan, su gyara mini. A mazhabar Malikiyya da muke bi, an halatta riƙon kare don farauta da tsaron dabbobi da tsaron shuka, kuma duk mun san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Karen aiki ba baƙonmu ba ne. Ku dubi 'yan farauta idan rani ya yi, kowa da nasa, kowanne da sunansa da kirarinsa. Wannan ya isa a kan wannan batu.

Yanzu mu dawo gida, don nan ne maganar take.

Wannan ƙasa da muke zaune a kanta, tun kafin a yi mafarkin dam ɗin Tiga, ƙasar masu doguwar tafiya da dabbobi ce. Kura ta yi suna da rini. Turkuɗin da aka rina a marinarta aka buga a mabugarta har yana ƙyalli, shi ne rawanin da Buzaye ke taƙama da shi a Azbin da can cikin hamada, kuma a bayan raƙumi ya je. Bebeji, nan kusa da mu, mazaunin Agalawa ne, fataken goro. A can aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin gidan fatauci. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka riƙe hanyar Gwanja a ƙarni na 19. A tashi daga ƙasar Kano da kanwa da tufafi da kayan fata, a bi ta yamma a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, a bi ta Jugu da Sansanin Mango da Yandi, a sauka Salaga, a arewacin Gana ta yau. Watanni ake yi a zuwa, watanni a dawowa. Mutum kan bar matarsa da ciki ya tarar da yaro yana zama. Baturen nan Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826, ya ƙiyasta mutum sama da 1,000, maza da mata, da dabbobin kaya kusan yawan haka.

Ayari ba taron yuyuyu ba ne. Akwai madugu, wanda alhakin kowa ke wuyansa, shi ke magana da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da gaisuwa. Akwai jagaba da ke wucewa gaba ya duba hanya ya zaɓi zango. Akwai uban dawaki, akwai malamin ayari mai duba ranar tashi da riƙe lissafi, akwai mata masu dafa abinci suna sayarwa a zango. Akan yi sammako, a sauke kaya kafin rana ta yi tsaka, domin jaki da takarkari da alfadari su samu kiwo; wanda ya matsa wa dabbarsa yau, gobe shi zai ɗauki kayan a ka. Da ma su suka san ma'anar tafiya sannu sannu kwana nesa. A hanyar dawowa kuma ga renon goro: a kwance huhu, a tsince wanda sankara ta taɓa, a sake ganye, a yayyafa ruwa, a ɗaure, bayan 'yan kwanaki a sake. Ga 'yan fashi, ga kogi, ga ƙudan tsando a ƙasashen kurmi da ke sa wa dabba sammore ta rame ta faɗi. Farken da ya fita da jakuna goma ya dawo da goma, a san shi gwani ne, kuma gwanintarsa ba ta ciniki kaɗai ba ce.

Ta arewa kuma ga ayarin gishiri, wanda har yau bai mutu ba. Da kaka Buzayen Azbin kan tashi su ratsa hamadar Tenere zuwa Fashi da Bilma, su kai gero su karɓo kantun gishiri da dabino. Babu ciyawa a hanya, don haka raƙumi ke ɗaukar abincinsa, ana ajiye wani dami a hanya saboda dawowa. Tun safe har cikin dare ake tafiya ba a tsayawa, ko shayi a tafe ake dafa shi. Daga nan su gangaro ƙasar Hausa su ci rani, raƙuma na kwana a gonakin da aka girbe suna zuba taki. Dattawan da ke nan sun ga wannan da idonsu. Ku gaya mini, wace jarrabawa ce ɗan tseren Alaska ya ci da madugun Bilma bai ci ba? Shi ɗan tseren, likita na jiran sa a kowane zango, jirgin sama na kai masa abincin karnuka gaba.

To wa ya rubuta mana wannan daga ciki?

Muna da Dorugu. Yaro ne daga ƙasar Damagaram da aka kama bauta aka kai Kukawa. Bature Overweg ya 'yanta shi, da ya rasu a 1852 sai yaron ya koma hannun wani Baturen, Heinrich Barth, shi da abokinsa Abbega. Ya bi Barth ta Katsina da Sakkwato da Gwandu har Tambutu a 1853, suka dawo ta Kano, suka ƙetare hamada ta Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus, suka isa Landan a 1855. A Ingila ya zauna da wani ɗan mishan, J. F. Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. Ya dawo gida daga baya, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Labarinsa na da daɗi ƙwarai. Idon yaro ne mai wayo, wanda ya kalli zaman cin abincin Turawa da wuƙaƙensu da cokulansu kamar yadda su suke kallon namu. Amma ku lura da su wa suka karanta shi, da abin da suka je nema. Schön kalmomi da nahawu yake so don aikin fassararsa. Bayansa Turawan da ke koyon Hausa suka mai da littafin abin bita. A 1971 Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da shi da Turanci tare da labarin Maimaina na Jega, Sarkin Askira, jikan Abbega, sai masana tarihi da harshe suka yi caa a kai. Bahaushe shi ne ya zo a ƙarshen layi, kuma sau da yawa da Turanci yake karanta abin da ɗan'uwansa ya faɗa da Hausa.

Muna da Madugu Muhamman Mai Gashin Baki, cikakken madugu, wanda ya yi fataucin hauren giwa a Adamawa, ya raka Bajamushe Flegel, har ya bi shi Balin a 1884 tare da Madugu Ɗan Tambari. Flegel ya rubuta labarinsa ya buga da Jamusanci a 1885, shekarar da aka kammala taron da Turawa suka yi a wannan birni kan rabon Afirka. Abin da Flegel ke bukata a lokacin sananne ne: hanyoyi, kasuwanni, sarakuna, wa ke da iko da wane kogi. Muna kuma da Imam Umaru, haifaffen Kano a 1858, ɗan gidan fatauci, wanda ya zauna Salaga sannan Kete-Karachi, ya rasu a 1934. Shi da alƙalaminsa ya rubuta, da ajami, ya bayyana sana'o'i da kasuwanci da zaman ƙasar Hausa, kuma shi ya fi kowa kusa da abin da nake nema. Duk da haka wani jami'in Jamus, Mischlich, shi ya nema, kuma a hannun Turawa takardun suka fara zama.

Kun ga inda matsalar take. Mai tambaya shi ke yanke wa labari riga. Wanda ya zo neman kalmomi, kalmomi zai samu; wanda ya zo neman hanyar kasuwa, ita za a zana masa. Babu cikinsu wanda damuwarsa ita ce yadda ake gane jakin da zai kai Gwanja tun yana kasuwa, me ya sa farke zai ƙara kuɗi a kan auraki ya wuce duna ko idabari, me ake yi wa kofaton da ya tsage a ƙasar duwatsu, wane jaki ake sa wa gaba a bakin kogi don sauran su bi, da abin da mutum ke ji a ransa ranar da ya sauke kaya daga bayan dabbar da ta yi shekara bakwai tana bin sa, ya bar ta kwance a zango. Wannan shi ne abin da Paulsen ya ba karnukansa, har mu da ke Kadawa muka san sunan Cookie. Ko da an yi ƙari a littafinsa, ya biya wannan bashi. Littattafan tafiya da muka rubuta da kanmu daga baya, irin Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam a 1944 da Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano, na zuwa Turai ne. Masu kyau ne, amma zamanin jaki ya riga ya wuce su.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko ya hau dogo, hanyar Gwanja ta ƙasa ta yi ta dusashewa. Paul Lovejoy ya riski tsofaffin fataken ƙarshe a Kano da kewayenta wajen 1969 da 1970, ya yi hira da su, ya fitar da Caravans of Kola a 1980. Allah ya saka masa, amma shi ma tarihin tattalin arziki ya je nema. Waɗannan tsofaffi duk sun riga mu gidan gaskiya. A 1973, shekarar da mutanen Alaska suka kafa tserensu don kada ilimin karnuka ya ɓace, a shekarar ce fari ya karkashe raƙuma da shanu a Sahel, a shekarar ce kuma wata babbar mota ta kaɓe bishiyar nan tilo ta Tenere da ayari ke saiti da ita, wadda gangar jikinta ke gidan tarihi na Yamai yanzu. Shekara guda bayan haka aka kammala dam ɗin Tiga, ruwa ya biyo kanal, wannan yanki ya koma ƙasar alkama da shinkafa da tumatir. Alheri ne babba, ba mai musu. Amma kwandon tumatir da za a kai Kwanar Gafan ba ya jiran jaki. Babur da kurkura da a-kori-kura suka karɓe aikin. Jakin da ya rage kuma fatarsa ake bi, ana kai wa Sin don haɗa magani, har Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su saboda fata a Fabrairun 2024. Yaron da aka haifa bana a Kura zai iya girma bai taɓa ɗaura akumari ba.

Ban ce mu kafa tseren jakuna daga nan zuwa Salaga ba, kada wani ya fita ya ce haka na ce. Abin da nake cewa ya fi wannan sauƙi da araha. Har yanzu akwai masu rai da suka kora jakuna da hatsi ko kanwa ko tukwane daga kasuwa zuwa kasuwa, kwana da kwanaki. Akwai waɗanda suka kora shanu a ƙasa zuwa kudu. Akwai Fulanin da ke tafiya mashekari duk shekara. Akwai 'yan ƙalilan da suka tafi Makka ta Chadi da Sudan suna yara, a bayan iyayensu. Akwai sarakunan farauta. Ba su iya boko ba, wasunsu ko ajami ba sa yi, amma Baba ta Karo ma ba ta rubuta ko harafi ɗaya ba. Mary Smith ce ta zauna da ita a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 tana rubutawa, littafin ya fito a 1954, ga shi har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Bambancin da nake so a samu shi ne, wannan karon mai tambayar ya zama ɗan gida, wanda ya san abin da ya kamata a tambaya.

Saboda haka ɗalibai, kowannenku akwai waya a gidansu. Ku nemi tsoho ɗaya a unguwarku, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku nemi izininsa, ku kunna rikoda. Kada ku fara da tambayar sarakunan da ya gani. Ku tambaye shi sunan jakinsa, a wace kasuwa ya saye shi, nawa, me yake ci a hanya, wace cuta ta taɓa kama shi, da me aka yi magani, a ina ya mutu. In ya yi ƙari ku bar shi, kada ku katse shi. Masu karatu za su raba biyu da kansu. Ku rubuta da Hausar da ya faɗa, kada ku gyara masa ita zuwa ta littafin makaranta. Malamai kuma, ku karɓi wannan a matsayin aikin hutu, ku ba shi maki, ku tara a wuri ɗaya. Iyayenmu dattawa, idan yaran nan suka zo, don Allah ku ba su lokaci, ko da bayan sallar isha'i ne.